Kafin A Ɗauki Fatsa: Wa Ya Haƙa Kududdufan Jos?



Tun da damina ta fara ja da baya samarinmu na Katako suke ta shawarar fita kamun kifi. Wasu sun ce Lamingo, wasu sun ce Rayfield, akwai ma wanda ya ce a ɗauki shatar bas a tafi har Pandam a kwana. Rannan bayan la'asar na zauna wurin shawarar, a rumfar wani mai sayar da katako, na ji ana ta lissafin kuɗin mai da na burodi da na fatsa. Abu ɗaya ne ban ji an tambaya ba: shi wannan ruwan da za a je, daga ina ya fito? Mafi yawan ruwan da ke kwance a kewayen Jos, wanda muke ce wa "dam" ko kududdufi, rami ne da mutane suka haƙa, kuma cikin masu haƙar har da kakanninmu. Tunda ba a fafa gora ranar tafiya, na ga ya kamata in rubuta abin da na sani kafin a tsayar da rana.

Mu fara da ita ƙasar. Jos tana bisa tudu ne mai tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, kuma ruwan da ya sauka a kanta ba ya zama, gangarawa yake yi ta kowace kusurwa. Kogin Kaduna daga nan ya taso ya nufi Kwara. Gongola da Mada daga nan suka taso suka nufi Binuwai. Shi kuwa Dilimi namu, wanda ya ratsa ta bayan Gangare ya bi ta Farin Gada, arewa ya miƙa, ya shiga ƙasar Bauchi, ya zama kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, har ya kai Tafkin Chadi. Ke nan mu muke ba wa masunta ruwa, amma mu ba mu da kifin. Dalili kuwa a fili yake: a bakin tudun ruwa faɗowa yake yi daga kan duwatsu, kamar yadda kowa ya gani a Assop a kan hanyar Akwanga, kuma babu giwan ruwan da zai hau wannan tsauni. Abin da rafukan sama suka gada shi ne ƙananan kifaye da tarwaɗa da ƙaguwa. Shi ya sa su bai taɓa zama sana'ar gado a nan ba irin yadda ya zama wa Kabawa a Argungu, ko Sarkawa a Yawuri, ko Jukunawan bakin Binuwai a Ibi. Abin da ke cikin yashin rafukanmu daban ne: kuza.

Kuza ba Bature ne ya gano ta ba. Tun kafin zuwansu akwai maƙeran da ke wanke ta a rafi suna narkawa a Ririwai ta ƙasar Kano, daga baya kuma a Liruwen Dalma ta ƙasar Bauchi. Sukan zuba narkakkiyar dalmar ta fito siri-siri kamar tsinke, fatake su saya su kai kasuwanni, maƙeran farfaru su yi ado da ita a jikin tasoshi. Waɗannan tsinkayen ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka riƙa gani a hannun fatake, har suka ƙudura sai sun ga inda ake samo su. A 1902 kamfanin ya turo masu bincike, a 1903 kuma Kanar Laws ya iso da rakiyar sojoji, ba a jima ba ya kafa sansani a Naraguta. Zuwa 1910 labarin kuzar "Bauchi" ya cika kasuwar hannun jari ta Landan, kamfanoni suka yi ta tururuwa suna yankar fili. Su kuwa maƙeran Liruwe, da suka nuna hanya, cikin 'yan shekaru aka raba su da wuraren da suke ɗiba, sana'ar ta mutu.

Haƙar farko duk da hannu aka yi ta: diga da shebur da kwanon sarki. A kankare ƙasar sama, a kai ga tsakuwar da ke ɗauke da kuza, a ɗebo a ka, a wanke a magudana. Leburorin sun zo daga Kano da Zazzau da Katsina da Bauchi da Barno, wasu har daga ƙasar Faransi, yawanci 'yan cin rani masu neman kuɗin haraji da na aure. Kafin jirgin ƙasa, a ka ake ɗaukar buhunan kuza zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwana da kwanaki. A 1914 ƙaramin jirgin da ya taso daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, a 1927 kuma babban layi ya shigo ta Kafanchan. Duk wanda ke son ya san su wa suka yi wannan aiki, ya saurari sunayen barikokin: Barikin Ladi, Dorowa, Gindin Akwati, Mai Adiko, Sabon Gidan Kanar, Mai Idon Toro. Wasu kuma sunan kamfanin ne ya bi su, irin su Anglo-Jos da Kuru Jenta. A nan gaskiya ɗaya ce ya kamata mu riƙa faɗa wa 'ya'yanmu: mu guminmu ne ya tafi a cikin ramukan nan, amma gonakin da aka tone na mutanen ƙasar ne, Birom fiye da kowa, kuma diyyar da aka ba su ba ta taka kara ta karya ba. Ribar kuwa ba a Katako ta kwana ba, ba kuma a Gyel ba.

Abin da ya mai da ramuka suka zama tafkuna shi ne lantarki. Muddin da hannu ake haƙa, rami ba ya wuce inda ruwan ƙasa zai kori lebura. Da aka datse ruwa a Kwall a shekarun 1920, sannan aka kafa kamfanin NESCO a 1929 ya kama samar da wuta daga Kurra, sai kamfanoni suka sami famfunan da ke zuƙe ruwa dare da rana, da mesar da ke feshin ruwa da ƙarfi tana rushe gaɓa, daga baya kuma ga manyan injinan yashe ƙasa irin waɗanda aka yi aiki da su a wajen Dorowa. Rami ya riƙa nitsawa ƙasa, ƙasar da aka kwashe tana tashi a gefe kamar tsauni. Jajayen tuddan nan da kuke gani a hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi, kowane ɗaya akwai ramin da ya haife shi a kusa. A 1939 manyan kamfanoni suka haɗe suka zama ATMN, wanda ya fi kowa girma har ƙarshen zamanin kuza.

Mafi munin shekarun su ne na Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙar kuza mai yawa, sai ido ya dawo kan Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa dokar aikin tilas, aka raba wa lardunan Arewa adadin mutanen da kowanne zai kawo, hakimai da dagatai suka shiga kamen talakawa. Tsofaffi suna kiran abin "ɗiban gwamna". Tsakanin 1942 da 1944 mutane kimanin 100,000 aka kawo ta wannan hanya. An ɗebo mutum daga zafin Sakkwato ko Katsina da 'yar taguwa ɗaya, an ajiye shi cikin sanyin Filato, ga ƙarancin abinci, ga bukkar da ba ta tare iska. Da yawa sun gudu, da yawa sun mutu, kuma aikin dam ɗin Tenti yana cikin wuraren da suka yi ƙaurin suna. A 1943 aka fitar da kuza fiye da tan 17,000, adadin da ba a taɓa kai wa ba kafin nan, ba a kuma sake kai wa ba. Wanda ke son cikakken labarin ya nemi littafin da Bill Freund ya wallafa a 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya. Ni dai duk lokacin da na tsaya a bakin ɗaya daga cikin tsofaffin ramukan nan, nakan tuna cewa akwai gidaje a ƙauyukan Arewa da aka jira wani ya dawo daga kuza bai dawo ba.

Bayan yaƙi an ɗan sake samun kasuwa da kwalambait a shekarun 1950, aka kuma gina masana'antar narka kuza a Makeri a farkon shekarun 1960. Daga nan sai gangara. Kuzar sama-sama ta ƙare, wadda ta rage tana can ƙarƙashin dutse, man fetur ya janye hankalin gwamnati, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa Turawa suka fara naɗe tabarma, sannan a Oktoban 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ce a riƙa gyara ƙasa bayan an gama haƙa, an kuma cike wasu wurare an dasa itatuwan turare, amma abin da aka gyara ɗan kaɗan ne. Da aka kashe famfuna, ruwan ƙasa da na sama suka cika ramukan. Ana ƙiyasta cewa sun haura 1,000.

Waɗanda suka fara ganin amfanin wannan ruwa 'yan lambu ne. Tsofaffin leburori da 'yan cin rani suka kama noman rani a bakin Dilimi da gefen kududdufai, da farko da jigo, daga baya da injin ban ruwa. Kabeji da karas da latas da tumatir da ake lodawa a Farin Gada ana kai wa Kudu, wani kaso mai yawa ruwan kuza suka sha. Makiyaya ma suka samu mashaya da rani. Kifi shi ne ya zo a ƙarshe.

A 1951 gwamnati ta fara gina gonar kifi a Panyam, gaba da Mangu a kan hanyar Pankshin, wadda tana cikin na farko kuma mafi girma a ƙasar nan a zamaninta. A 1954 aka kawo mata wani kifin Turai daga Ostiriya, wanda ake kira kaf, mai manyan ɓawo da ɗan gashin baki. An zaɓe shi ne saboda yana jure sanyi, abin da karfasa ba ta iya yi sosai. Daga Panyam aka riƙa rarraba 'ya'yan kifi zuwa madatsun ruwa da gonaki, daga baya kuma gonaki masu zaman kansu irin Rockwater ta Rayfield suka shigo. Karfasa da tarwaɗar da ke cikin kududdufan kuza a yau, wasu zuba su aka yi da gangan, wasu ambaliya ce ta kwaso su daga rafi. Ita Panyam ɗin ta sha zama kufai, gwamnatoci kuma sun sha alƙawarin tayar da ita. Duk da haka kifin da Jos ta ci a tsawon tarihinta daga waje yake zuwa: banda daga Baga da bakin Binuwai, sai kuma na ƙanƙara da ya cika kasuwa daga baya. Har ma akwai abin dariya a ciki. Ruwan Dilimi ya tafi Chadi kyauta, ya dawo mana a kwali a matsayin banda, mu biya.

To, me wannan tarihi yake gaya wa mai shirin fita da fatsa?

Na farko, kada kowa ya sa ran Argungu. Can a Matan Fada an taɓa fito da kifi mai kilo 75 a 2005, domin kogi ne mai fadama, kowace damina ruwa yana malala cikin ciyawa kifi ya ci ya hayayyafa. Kududdufin kuza kuwa kamar rijiya yake: baki a tsaye, ciki da zurfi, ƙasansa yashi da farar laka marasa taki, ruwan ƙasa-ƙasa da sanyi ƙalau. Irin wannan ruwa ba ya haifar da abincin kifi da yawa. Shi ya sa za ka ga kududdufi garai-garai, kore shar, gwanin sha'awa, ka wuni ba ka kama komai ba sai 'yan karfasa kamar tafin hannun yaro. Wanda ya fi kifi shi ne tsohon rami da gefensa ya zube ya yi fako-fako, ciyawa ta fito, shanu suna sha, ko rafi yana shiga yana fita. Ruwan da ya ɗan yi duhu ya fi mai kyan gani albarka.

Lokaci ma haka. Daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu, in hunturun Jos ya kankama, karfasa takan lafe ta daina cin abinci, sai dai ka yi ta kaɗa haƙora a banza. Tsakiyar damina kuwa gaɓa tana zubewa, ga tsawa, kuma kowa ya san tsawar garin nan ba ta wasa, balle ga wanda ya tsaya a fili riƙe da doguwar sanda. A ganina daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, ko kuma a bari sai Maris da Afrilu in zafi ya shigo. A fita da sassafe ko a bari sai yamma. Tana ita ce abincin fatsa da ba ta ba da kunya, sai gara, sai ƙullin dusa ga mai neman kaf, hanjin kaza kuma ga mai neman tarwaɗa. Maganar zuba magani a ruwa kada ma a tayar da ita. Da can masu su suna da maginfa, daga baya marasa tsoron Allah suka koma gamalin, wanda ke kashe babba da ƙarami ya kuma bi mai ci har gida. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki. Haka nan ni ba zan ci kifin da aka kama a Dilimi ta cikin gari ba, kowa ya ga abin da ake zubawa a ciki. Kuma baƙin yashin da ke tare a wuraren da aka tace kuza, kada a bar yara su yi wasa da shi ko a ɗebo a kawo gida, domin masana sun daɗe suna gargaɗi cewa akwai sinadarai masu tururin cutarwa a cikinsa.

Sai maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Muna firamare, wata Asabar muka tafi mu biyar wani kududdufi a bayan gari, da sandunan gora da fatsar da muka lanƙwasa da allura. Rana ta yi zafi, ɗayanmu, wanda ya fi mu iya ruwa, ya tuɓe ya ce zai ɗan watsa. Taku biyu ya yi ruwa na gwiwarsa, na uku babu ƙasa. Mun ga hannunsa sau biyu. Sai washegari aka fito da shi. A lokacin manya suka ce mutanen ruwa ne suka ja shi, kuma har yau akwai masu faɗin haka a kan kowane kududdufi. Da na girma na fahimci yadda aka haƙa ramukan, sai na gane abin da ya faru: injin ya yanki gaɓar ne a tsaye kamar bango, ruwan sama-sama da ɗumi, na ƙasa kuwa sanyinsa yana ɗaure jijiya nan take, ga laka mai riƙe ƙafa, wani wurin ma da tsofaffin ƙarafa. Wanda ya koyi iyo a rafi bai san wannan ruwa ba. Saboda haka ina roƙon shugabannin tafiyar nan, don Allah, a sa doka tun daga gida: babu wanka, babu shiga ruwa don ciro fatsar da ta maƙale, a tafi da doguwar igiya da jarka babba marar komai mai murfi, kuma kada a ɗauki yaron da ba a sanar da iyayensa ba. Ko madatsar ruwa ta gwamnati ba abin rainawa ba ce. Mutanen Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ba su manta daren Yulin 2012 ba, da ruwan Lamingo ya tumbatsa ya ci mutane fiye da 30.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa amma kowa ya sani. Yawancin kududdufan nan suna kudu ne, wajen Rayfield da Bukuru da Du da Barikin Ladi. A zamanin ƙuruciyarmu mutum yakan hau keke daga Katako ya je duk inda ya ga dama, in ƙishi ya kama shi ya shiga kowane gida a ba shi ruwa. Tun daga 7 ga Satumban 2001 garin ya rabu. A Nuwamban 2008 kasuwarmu ta Katako ta ƙone, a 2010 aka yi Kuru Karama aka yi Dogo Nahawa, kowane ɓangare yana da kabarin da yake nunawa. A 2018 ƙasa duka ta zuba ido ana zuƙe wani kududdufi a Dura-Du, har aka fito da motar Janar Idris Alkali. Ramukan da kakanninmu da nasu suka haƙa tare, da kwano ɗaya a ka, sun koma wurin da kowa ke tsoron kowa. An samu sauƙi yanzu, alhamdu lillahi, ana cuɗanya a kasuwa da wurin aiki. Amma bas cike da samari baƙi, ta tsaya a bakin ruwan ƙauye ba sallama, abu ne da zai iya tayar da hankalin mutanen wurin, kamar yadda mu ma zai tayar da namu. Kowane kududdufi yana da masu shi: ko dangin da gonarsu ce aka tone, ko ƙungiyar matasan da ta zuba kifi tana jira ya girma, ko 'yan lambun da ke ban ruwa. Abin da ya dace shi ne a tura mutum biyu tun ana saura mako, su gai da mai unguwar wurin, su faɗi ko su wane ne da ranar da za a zo, in akwai abin da ake biya a biya. Cikinku akwai masu abokan makaranta da abokan ciniki a can, a nemi ɗaya ya zama ɗan rakiya. In an ce a'a, a yi godiya a juyo.

In ni za a bi, fitar farko a yi ta kusa. Rayfield tsohon ramin kuza ne da aka mayar wurin shaƙatawa, akwai ƙofa akwai masu kula, sai a tambaye su ko suna barin jefa fatsa. Lamingo ruwan shan gari ne, ba a zuwa sai da izinin masu tsaronsa. Pandam kuwa tafki ne na ainihi, yana can gangare a ƙaramar hukumar Qua'an Pan a kan hanyar Shendam zuwa Lafiya, cikin gandun dajin da aka keɓe a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Can ne ake samun kifin da ake kira kifi, amma akwai dorina, kuma gandu ne mai dokokinsa, ga nisa, ga halin da hanyoyi suke ciki. Wannan a bar shi sai an yi ta farko an ga yadda aka dawo. A tashi bayan asuba, a rubuta sunan duk wanda ya shiga mota a bar takardar a hannun wani babba a unguwa, a naɗe fatsa da la'asar ko an kama ko ba a kama ba, magariba ta same ku a Katako.